Gano motsi a cikin sito da igiyar Wi-Fi: yadda aikin ke tafiya a Kano

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau na amsa aikin da Alhaji ya daɗe yana yi mini magana a kansa, wato haɗa na'urar da za ta sanar da maigadi idan wani abu ya motsa a cikin sitonsa da ke bayan kasuwar Singa bayan an kulle da dare, in da hali ma ta nuna masa ɓangaren da motsin yake. Siton ginin bulo ne mai rufin kwano ba silin, tsawonsa kamar mita 12, faɗinsa kamar mita 8. An cika shi da buhunan shinkafa da sukari da fulawa, da katan-katan na taliya da madara da tumatirin gwangwani, da jarkokin man girki, an jera su har sun kusa taɓa rufi, sai lunguna uku da aka bari domin 'yan dako. Akwai kyamara a bakin ƙofa, amma a ciki ba za ta yi wani amfani ba, domin lungu ɗaya kawai za ta iya gani, ga ƙurar fulawa da ta hunturu da ke rufe mata ido cikin ɗan lokaci. Mai fasa ƙofa ba shi ne damuwar Alhaji ba, tunda Baba maigadi zai ji shi. Fargabarsa ita ce wanda zai laɓe a bayan buhuna kafin a rufe, ko wanda zai ɗaga kwano ya diro ta sama.

Shawarar da na yanke ita ce igiyar Wi-Fi kanta ta zama abin gadin. Igiyar rediyo idan ta tashi daga eriya ba hanya ɗaya take bi zuwa ga mai karɓa ba: wani ɓangarenta ya tafi kai tsaye, wani ya bugi bango ko kwano ko gwangwani ya karkato, daga ƙarshe duk su haɗu a eriyar karɓa, waɗansu su ƙarfafa juna, waɗansu su soke juna. Muddin komai na tsaye a inda yake, jimillar ba ta canzawa. Jikin mutum kuwa kusan kashi 60 cikin ɗari ruwa ne, kuma ruwa yana shanye wani ɓangare na igiyar ya mayar da saura, saboda haka duk wanda ya shiga wurin ya buɗe wata sabuwar hanya ya kuma toshe wata. A zangon gigahaz 2.4 tsawon igiya ɗaya santimita 12 da rabi ne, ke nan idan hanyar da ta bugi mutum ta ƙaru da santimita 6 kacal, abin da yake ƙarfafawa sai ya koma sokewa. Duk wanda ya taɓa matsawa kusa da rediyo ya ji tashar ta washe, ya ja baya ya ji ta koma shuu, ya riga ya ga wannan lamari da kansa.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ƙananan allunan lantarki masu aikawa da karɓar Wi-Fi da ake kira ESP32, waɗanda kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fitar a 2016, na samo su ta hannun wani mai sayar da kayan lantarki a Sabon Gari. Sai batura, da ɗan ƙaramin faifan sola, da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da za a riƙa duba lambobi da ita. Ƙanena da ke karatun injiniyan lantarki a Jami'ar Bayero zai taimaka da rubuta manhaja.

Lahadi, 26 ga Janairu

Gwajin farko a shagona aka yi shi, allo ɗaya yana aikawa daga kan tebur, ɗayan yana karɓa a bakin ƙofa. Mun fara da ma'aunin ƙarfin sigina da ake kira RSSI, wanda shi ne wayar hannu ke mayarwa zuwa 'yan sandunan nan da ke saman allonta. Lamba ɗaya tak yake bayarwa ga kowane saƙo, kuma ya nuna mutum sarai idan ya ratsa tsakanin allunan biyu, amma da zarar ya kauce daga kan layin, sai canjin ya ɓace a cikin rawar da lambar ke yi da kanta. Wannan ba zai ishi sito mai lunguna ba.

Abin da ya sa na zaɓi ESP32 tun farko shi ne yana bayar da bayani mafi zurfi da ake kira CSI. Wi-Fi ba ya tura saƙo a kan igiya guda. Tashar da ke da faɗin megahaz 20 an raba ta gida 64, tazarar kowane gida da na kusa da shi kilohaz 312.5, kuma 52 daga ciki ne ake amfani da su a tsarin da aka fi sabawa da shi. Kafin na'urar karɓa ta iya karanta saƙo, dole ta auna yadda hanya ta sarrafa kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan layuka, wato nawa ƙarfinsa ya ragu, nawa kuma ya jinkirta. Kowace na'urar Wi-Fi tana yin wannan awo ta jefar da shi, ESP32 kuwa yana yarda ya miƙo maka shi. Maimakon lamba ɗaya, yanzu muna da 52 ga kowane saƙo, kuma muna aika saƙo 100 a daƙiƙa ta hanyar ESP-NOW, wadda ba ta buƙatar rauta ko intanet. Da muka zana su a allon kwamfuta, shago babu kowa, layukan sun kwanta lumui. Da yaron shagona ya wuce ta can gefe wajen kanta, nesa da layin, sai waɗansu suka tashi waɗansu suka faɗi a lokaci guda.

Abubuwa biyu sun bayyana da za su tsara sauran aikin. Na ɗaya, ɓangaren jinkiri na awon ba abin dogaro ba ne a wurinmu, domin agogon da ke cikin allon aikawa da na allon karɓa ba a daidaita suke ba, kowane saƙo da irin karkacewar da yake zuwa da ita, saboda haka ƙarfin layukan kawai za mu yi aiki da shi. Na biyu, allon yana ƙara wa kansa ji ko ya rage gwargwadon ƙarfin abin da ya iso shi, wanda ke sa duka layukan su yi tsalle tare ba tare da kowa ya motsa ba. Ƙanena ya magance wannan ta hanyar raba kowane layi da matsakaicin dukkan layukan saƙon, ta yadda siffarsu ce za ta rage, ba girmansu ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An kafa allunan farko a sito, a lungun tsakiya, ɗaya a bangon gaba ɗaya a na baya. Tsayin da za a ɗora su shi ne abin da na fi ɓata lokaci a kai, domin akwai ɓeraye a wurin, akwai kuma mage da Alhaji ya bari saboda su. Igiyar da ke tafiya kai tsaye ba siririn zare ba ce. Mafi yawan ƙarfinta yana bi ta wani yanki da ya kumbura a tsakiya ya tsuke a bakin eriyoyin biyu, wanda ake dangantawa ga masanin Faransa Augustin Fresnel. A tazarar mita 12 da igiya mai santimita 12 da rabi, lissafi ya nuna kumburin ya kai kimanin santimita 60 daga layin zuwa kowane gefe. Da na ɗora allunan a tsayin mita 1.2, yankin ya kama daga santimita 60 sama da ƙasa zuwa mita 1.8, wato daga cinya zuwa kan babban mutum, ɓera da mage kuwa suna ƙarƙashinsa muddin a ƙasa suke tafiya. Idan magen ta hau buhuna ta yi tsalle tana bayyana, amma na ɗan ƙiftawar ido, don haka muka sa sharaɗin sai motsi ya ɗore na 'yan daƙiƙoƙi kafin ƙararrawa ta buga.

Da rana zangon cike yake da wayoyin 'yan kasuwa masu raba intanet da kuma Bluetooth, wanda shi ma a gigahaz 2.4 yake. Daga cikin tashoshi 1 da 6 da 11, waɗanda su ne ba sa hawa kan juna, ta 11 ce ta fi sauƙi a wannan layin, kuma mun sa allon ya yi watsi da duk saƙon da ba daga abokinsa ya fito ba.

Baba maigadi ya tsaya yana kallona ina ɗaure akwatin ƙararrawa a ɗakinsa, can ya ce, "Ɗana, wannan abin naka idan ya yi aiki, ni kuma ina zan dosa?" Na ce masa, "Baba, abin nan ba ya buɗe ƙofa, ba ya haska tocila, ba ya kiran maƙwabta. Ku zai riƙa tasa, ku ne kuma za ku gaya mana idan ƙarya yake yi." Na ba shi littafi da biro domin ya riƙa rubuta lokacin da ta buga da abin da ya tarar, kuma ina ganin wannan littafin zai fi duk wani zane na kwamfuta amfani.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Yau shekara 90 cif da gwajin da aka yi a kusa da garin Daventry na Ingila, ranar 26 ga Fabrairu, 1935, wanda tsarinsa daidai yake da namu. Robert Watson-Watt da Arnold Wilkins ba su da na'urar aikawa tasu, sai suka jingina da tashar gajeren zango ta BBC da ke watsa shiri a kan mita 49. Suka ajiye na'urar karɓa a cikin mota a wani fili, aka sa jirgin yaƙi samfurin Heyford ya riƙa ratsa sararin wurin, alamar da ke kan allonsu kuma ta riƙa rawa saboda haɗuwar igiyar da ta zo kai tsaye da wadda ta bugi jirgin, har zuwa nisan kimanin kilomita 13. Daga nan ne Birtaniya ta gina jerin tashoshin rada da suka tsare gaɓarta a Yaƙin Duniya na Biyu. Tun kafin su ma, a 1904, Christian Hülsmeyer ya nuna wata na'ura a Jamus da ke gano jirgin ruwa da igiyar rediyo.

Mayar da wannan tunani cikin ɗaki da Wi-Fi kuwa sabon abu ne. A 2007 ne Moustafa Youssef, masani ɗan ƙasar Masar, da abokan aikinsa suka gabatar da batun gano mutumin da ba ya ɗauke da kowace na'ura ta hanyar canjin sigina, a 2011 kuma Daniel Halperin da abokansa a Jami'ar Washington suka fitar da manhajar da ke ciro CSI daga katin Wi-Fi na Intel 5300, wadda ta buɗe wa masu bincike da yawa ƙofa. Abin da a da sai babban ɗakin gwaji, yau ga shi a allon da bai kai tafin hannu ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Azumi ya kankama, kaya suna fita da shiga kullum, musamman sukari da taliya. Duk ranar da aka sauke tirela ko aka kwashe wani layin kaya, siffar layukan nan 52 takan canza gaba ɗaya, kuma katan ɗin gwangwani sun fi komai tasiri saboda ƙarfe yana mayar da igiya kusan dukkanta. Wannan ya tabbatar da cewa kwatanta daren yau da wani dare da aka adana ba zai yi aiki a sito ba. Yanzu manhajar tana duba yawan rawar da kowane layi ya yi a cikin daƙiƙa biyu da suka wuce, ba matsayinsa ba, kuma kowane dare tana ɗaukar mintuna goma na farko bayan Baba ya danna maɓallin kullewa ta koyi irin shirun wannan daren.

Asabar, 19 ga Afrilu

Zafin bazara ya ba ni damar gwajin da nake jira. Tun farko na ɗaura na'urar gano motsi ta zafin jiki, irin wadda ake haɗawa da fitilar tsaro, a lungu ɗaya da allunan domin in kwatanta su. Ita wannan na'ura bambancin zafi take gani tsakanin fatar mutum da abin da ke bayansa. A hunturu ta yi aiki yadda ya kamata. Yanzu da zafin Kano ke kaiwa digiri 40 da rana, kwano ya gasa buhuna da bango, har bayan isha'i siton bai huce ba, sai bambancin ya ragu, ƙanena ya yi tafiya a hankali a tsawon lungun ba ta ce uffan ba sai da ya zo dab da ita. Allunan Wi-Fi kuwa sun kama shi tun daga takun farko. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa aikin ya dace da garinmu, domin watannin da aka fi barin ƙofofi da tagogi a buɗe su ne watannin da na'urar zafi ke rauni.

Sai dai zafin ya zo da tasa matsalar. Littafin Baba ya nuna ƙararrawa tana bugawa da tsakar dare ba kowa a ciki, kuma a gefen kowane lokaci ya rubuta "an kawo wuta". A ɗan ofishin Alhaji da ke gaban siton akwai fankar sama mai fikafikan ƙarfe, ana tashi ba wuta a bar ta a kunne, idan wuta ta dawo sai ta tashi da kanta. Da Baba bai rubuta waɗannan kalmomi uku ba, da an daɗe ana neman dalili a cikin manhaja.

Kashe fanka abu ne mai sauƙi, amma na fi so na'urar ta iya bambancewa, domin duk inda za a kai ta nan gaba akwai fanka. A nan ne lissafin Christian Doppler na 1842 ya shigo. Abin da ke motsi yana sa ƙarfin sigina ya riƙa hawa da sauka da saurin da ya dace da gudunsa: mai tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa, a igiya mai santimita 12 da rabi, zai iya kaiwa bugu 16 a daƙiƙa. Fanka mai fikafikai uku da ke juyawa sau 300 a minti tana ba da bugu 15 a daƙiƙa, wato a wuri ɗaya suka faɗa. Bambancinsu yana cikin siffa. Da muka warware siginar zuwa nau'o'in bugun da ke cikinta, fanka ta fito a matsayin siririn layi miƙaƙƙe da ba ya gusawa, mutum kuwa ya fito a watse, saboda gangar jiki da hannaye da ƙafafu kowanne da saurinsa, ga tsayawa da juyawa. Yanzu manhajar tana cire duk wani siririn layi da ya zauna wuri ɗaya na tsawon lokaci, tare da ninke-ninkensa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Mun shiga kashi na biyu, wato sanin inda mai motsin yake. Ƙanena ya zo da shawarar a auna lokacin da igiya ke ɗauka ta bugi mutum ta dawo, kamar yadda rada ke yi. Ya ce, "Yaya, ai CSI ɗin nan yana ɗauke da jinkiri, me zai hana mu fitar da nisa?" Muka zauna muka yi lissafin tare. Ikon rarrabe abubuwa biyu ta nisa ya dogara da faɗin tasha: a raba gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, da ninki biyu na faɗin. Da megahaz 20 amsar mita 7.5 ce, da megahaz 40 kuma mita 3.75. A sito mai faɗin mita 8, wannan bai gaya mana komai ba. Masu binciken jami'ar MIT ta Amurka da suka yi na'urar WiTrack sun kai ƙasa da santimita 10 ne saboda sun ƙera rediyonsu na musamman mai share faɗin da ya wuce gigahaz ɗaya da rabi, abin da allon Wi-Fi ba zai iya ba.

Hanyar da ta dace da aljihunmu ita ce ta Joey Wilson da Neal Patwari na Jami'ar Utah, waɗanda suka kewaye wuri da ƙananan rediyoyi masu yawa suna magana da juna, sannan suka duba waɗanne daga cikin layukan da ke haɗa rediyo da rediyo ne suka girgiza, inda layukan suka gicciye juna nan mutum yake. Alluna 4 suna ba da layi 6, alluna 6 kuwa layi 15. Mun sa shida, biyu a bakin kowane lungu, suna aikawa bi da bi. Tsarin siton ya taimaka mana, domin tarin buhuna yana raunana layukan da ke ratsa shi, sai kowane lungu ya zama kusan ɗaki mai zaman kansa, kuma ɓarawo ba shi da wata hanya sai lungun ko saman kaya. Akwatin Baba yanzu yana da fitilu uku. Idan mutum ɗaya ne, fitilar lungun da yake ciki ce ke kamawa, kuma ana iya bin sa yana fita daga wannan yana shiga wancan. Idan biyu ne a lunguna dabam-dabam, sau da yawa duka ukun ke kamawa, wanda ga maigadi ba laifi ba ne.

Litinin, 16 ga Yuni

Bayan hutun babbar salla na karɓi littafin Baba, na ga fitilar lungu na uku tana kamawa kusan kullum da asuba, ya shiga ya duba bai ga kowa ba. Siffar siginar ta mutum ce, ba ta fanka ko mage ba. Baba ne ya warware mana, ya ce bangon baya na siton shi ne bangon wani gida, kuma madafarsu a jikinsa take. Abin da na'urar ke gani matan gidan ne sun tashi salla suna hura wuta.

Na san igiyar gigahaz 2.4 tana ratsa bulo, kuma tun 2013 Dina Katabi da Fadel Adib na MIT suka nuna da na'urarsu Wi-Vi cewa za a iya bin motsin mutane ta bayan bango. Amma karanta wannan daban, ganin lokacin tashin matan aure na gidan mutane a rubuce a kwamfutarka daban. Wanda ya ga kyamara ya san ana kallonsa, zai iya sa labule. Wannan kuwa ba a ganinta, ba a jinta, kuma labule ba ya tare ta. Alhaji ya ce, "Injiniya, ko a bar shi haka? Ai ɓarawo ma ta nan zai iya ɓullowa." Na ce, "Ranka ya daɗe, idan ya ɓullo zai shigo lungu, kuma a lungu za mu kama shi. Abin da ke bayan bangon nan ba haƙƙinmu ba ne." Allah ya hana bin diddigin sirrin mutane a aya ta 12 ta Suratul Hujurat, kuma ko a dokar ƙasa, Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023. Alhaji bai ja maganar ba, ya ce a gyara.

Gyara uku aka yi. An rage ƙarfin aikawa daga iyakarsa ta kimanin miliwat 100 zuwa mafi ƙanƙantar abin da zai isa ƙarshen lungu. An matso da allunan baya nesa da bango, aka kafa fallen kwano a bayansu domin ya mayar da igiyar cikin sito. Sannan an goge ɗanyen bayanan da aka tara, daga yanzu kuma lokacin bugun ƙararrawa da lambar lungu kawai ake adanawa. Wannan batu zai girma nan gaba, domin tun 2020 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE, mai tsara ƙa'idojin Wi-Fi, ta kafa kwamitin 802.11bf domin shigar da gano motsi cikin ƙa'idar Wi-Fi kanta, kuma a unguwanninmu na cikin gari, inda bango ɗaya ke raba gida biyu, ya kamata masu sana'armu su fara tambayar abin da ke bayan bango kafin su kafa irin wannan na'ura.

Asabar, 12 ga Yuli

Saura babbar damuwar Alhaji, wato wanda ya laɓe bai motsa ba. Irin wannan mutum abu ɗaya ne ba zai iya dainawa ba, numfashi. Babban mutum yana numfasawa sau 12 zuwa 20 a minti, ƙirjinsa yana ɗagawa da 'yan milimitoci. Idan ɗagawar ta kai milimita 5, hanyar igiyar da ta buge shi ta dawo za ta iya canzawa da santimita ɗaya, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na tsawon igiyar ba. Ƙarami ne, amma yana maimaituwa a kan tsari, don haka idan aka tara bayanin minti guda aka tace duk abin da ya fi shi sauri, yana iya fitowa.

Ƙanena ya kwanta a kan buhunan shinkafa a tsakiyar lungu, muka kulle shi a ciki. A allon kwamfuta sai ga waɗansu layuka suna hawa da sauka a hankali, da ya riƙe numfashi suka kwanta, da ya saki suka ci gaba. Amma da ya gusa da ɗan taƙi kaɗan, alamar ta ɓace ɗungurungum. Dalilin shi ne akwai wuraren da ƙaramin canjin hanya ke taɓa ƙarfin sigina sosai, akwai kuma inda jinkirin kawai yake taɓawa, mu kuma jinkirin ne ba mu iya aunawa. Da ya shige can cikin ƙuryar da ke tsakanin buhunan sukari da bango, ba a ga komai ba ko kaɗan. Na gaya wa Alhaji cewa kada ya dogara da wannan ɓangaren tukuna, zagayen da Baba ke yi da tocila kafin a kulle ya ci gaba yadda yake. Abin da ke akwai shi ne mai laɓewa dole ya tashi idan zai ɗauki kaya, kuma da ya tashi fitila za ta kama.

Asabar, 16 ga Agusta

Damina ta yi ƙarfi. Ruwan sama kansa ba ya rage wa gigahaz 2.4 wani abin kirki a tazarar mita 12, amma iskar da ke zuwa gabanin hadari tana girgiza kwanon rufi, kwano kuwa shi ne mafi girman abin da ke mayar da igiya a siton, don haka duk layuka 15 sukan rikice a lokaci guda. Mutum ba ya iya girgiza dukkan layuka daidai wa daida, na kusa da shi ne suke fin sauran. Mun sa manhajar ta kwatanta kowane lungu da sauran biyun, idan duka sun tashi tare da ƙarfi iri ɗaya ta kunna fitilar gargaɗi kawai ba tare da ƙararrawa ba. Wannan yana nufin a tsakiyar guguwa ganinta yana raguwa, kuma Baba ya san da haka. Kafinta ya ƙara ƙusoshi a fallaye biyu da suka saki, rawar ta ragu sosai. Kwanakin da rana ba ta fito ba batir ya kusa ƙarewa kafin asuba, saboda haka an ƙara faifan sola na biyu.

Lahadi, 7 ga Satumba

Tun bayan gyaran rufi, abin da ke cikin littafin Baba bai wuce tsallen mage da dare biyu na iska ba, kuma fitilar lungu na uku ta daina kamawa da asuba. Kwamfutar ta koma shago, domin duk lissafin yanzu a kan allo ɗaya yake gudana. Na yi odar sabon nau'in allo, ESP32-C5, wanda ke aiki har a gigahaz 5, inda tsawon igiya bai wuce santimita 6 ba. A can ɗagawar ƙirji za ta zama kaso mafi girma na igiyar, sannan ratsa bango zai ragu, sai dai ratsa buhuna ma zai ragu, wataƙila a buƙaci ƙarin alluna a ƙuryoyi. Alhaji ya ce za a kwashe lungun farko a ƙarshen wata kafin sabuwar shinkafa ta fara shigowa da kaka, kuma a wannan tsakanin za mu maimaita gwajin numfashi a zangunan biyu, da lungun babu kaya, sannan bayan an cika shi.